Wa zai riƙe mai naƙasa a sabbin unguwannin Gombe?

Mazaunin Tumfure:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙon babban mutum marar lafiya a gida, musamman mazauna sabbin unguwannin da suke ta tsirowa a gefen Gombe. Mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jikinsa na dama sakamakon hawan jini, kuma da aka sallame shi daga asibiti, ni da 'yan'uwana muka ga ya fi dacewa ya zauna a wurina maimakon a mayar da shi ƙauyenmu da ke bayan Kumo, tunda ni ne na fi kowa kusa da likitoci. Yana cikin hankalinsa, yana gane kowa, maganarsa tana fita ko da yake da nauyi, amma ba ya iya tashi, ko kewayawa, ko wanka, ko sa tufafi, sai an taimaka masa.

Gidan da nake ciki na haya ne, ciki biyu da falo, kuma mai gidan ya ɗaga ginin sama saboda ruwan damina, don haka akwai matakala uku kafin a shiga falon. Bayan gidan na tsuguno ne. Layinmu ba a kwalta shi ba, ruwa ya cinye tsakiyarsa ya zama kwari, har masu Keke Napep sukan tsaya a bakin babban titi su ce nan ne iyakarsu, ke nan duk ranar komawa asibiti sai na nemi samari su tallabo Baba zuwa inda abin hawa yake. Famfo bai iso mu ba, a hannun 'yan ga-ruwa muke saye, ga shi kuma wanki ya ninka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wunin da nake yi a wurin aiki. Matata ce a gida, tana iyakar ƙoƙarinta, amma kowa ya san kunyar da ke tsakanin suruki da matar ɗansa. Na lura Baba ya daina shan ruwa da rana, ba don ba ya jin ƙishi ba, sai don kada buƙatar kewayawa ta taso masa kafin na dawo bayan la'asar. Babbar 'yata, wadda take ƙaramar sakandare, ta fara fashin makaranta domin ta riƙa kula da ƙannenta yayin da mahaifiyarta take hidimar kakansu. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, sai dai gaisuwa kawai ke haɗa mu: wannan daga Borno, wancan daga Adamawa, wani ma'aikaci ne da aka yi masa canjin wurin aiki, rabin gidajen layin kuma kangaye ne da ba a gama ginawa ba.

Shin in ɗauki wani namiji in riƙa biyansa, kuma a ina ake samun wanda za a amince masa? Ko kuwa mayar da Baba ƙauye, inda dangi suke da yawa, shi ne ya fi masa alheri? Allah Ya saka wa duk wanda ya ba da shawara da alheri.

Ma'aikaciyar jinya mai ritaya, Jekadafari:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kafin a zo kan wanda za a ɗauka aiki, maganar ƙin shan ruwan nan ita ce ta gaggawa, domin tsoho da yake kwance cikin zafin Gombe, idan ya rage ruwa, yana buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara da taurin bahaya da rikicewar tunani, fatarsa kuma takan bushe ta yi saurin tsagewa. Kada ku yi masa faɗa a kan haka, domin dalilinsa na mutunci ne. Ku sauƙaƙa masa hanyar da zai biya buƙatarsa ba tare da ya kira surukarsa ba. Ana sayar da robar fitsari ta maza, mai kama da buta mai faɗin baki, a manyan shagunan magani, kuma mai hannun hagu lafiyayye yana iya koyon amfani da ita da kansa a ƙarƙashin mayafi. Don bahaya kuwa, kafinta zai iya fafe tsakiyar kujerar katako mai hannu biyu, a sa bokiti mai murfi a ƙasanta, a ajiye ta dab da gado ta ɓangaren da jikinsa yake da ƙarfi. Da yawa daga cikin tsofaffi hanjinsu yakan saba da lokaci guda, saboda haka idan ka riƙa zaunar da shi a kanta kullum bayan karin kumallo, kafin ka fita, akwai yiwuwar jikinsa ya bi wannan tsari.

Abu na biyu shi ne gyambon kwanciya, wanda na ga ya kayar da marasa lafiya da dama bayan ciwon da ya kwantar da su ya fara sauƙi. Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa ana juya shi ne kimanin duk bayan awa biyu, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a ɗage diddigensa kada ya daɗe yana gugar katifa. Kullum lokacin wanka ka duba ƙasan bayansa, da ƙugunsa ta gefe biyu, da diddige, da kafaɗa. A jikin baƙar fata alamar ba ta cika fitowa ja ba, sai dai ka ga wurin ya fi sauran jiki duhu, ko ya yi tauri, ko ya yi zafi idan ka taɓa. Da zarar ka ga haka, kada a sake kwantar da shi ta wannan gefen, kuma a nuna wa ma'aikacin lafiya tun bai fashe ba. Idan kuna shimfiɗa leda don kare katifa, to ku ɗora zani mai kauri a kanta, domin leda kai tsaye a jikin mutum tana tara gumi.

Wajen ciyarwa, a zaunar da shi tsaye sosai, kada a ba shi komai yana kwance, kuma a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Idan yana tari ko shaƙewa duk lokacin da ya sha ruwa, wannan alama ce cewa haɗiyarsa ta taɓu, kuma dole likita ya sani, saboda abin da ya zarce huhu shi ke kawo ciwon ƙirji mai haɗari. Maganin hawan jini kuwa ba a dakatar da shi don an ga sauƙi. Wannan kuskuren ne yake jawo shanyewar jiki karo na biyu, wanda sau da yawa ya fi na farko muni.

Game da gashin ƙashi, mafi yawan ƙarfin da mai shanyewar jiki zai dawo da shi yana dawowa ne a watanni uku zuwa shida na farko, ko da yake ana ci gaba da samun sauƙi bayan haka. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe yana da sashen wannan aiki. Tunda fita da shi tana da wahala, duk ranar da kuka je ka roƙi ma'aikacin ya koya maka motsa gaɓoɓin da hannunka, ka ɗauki hoton bidiyo da waya idan ya yarda, domin ainihin aikin a gida ake yinsa kullum. Abu biyu nake jan kunnenku a kai: kada kowa ya ja shi ta hannun da ya shanye wajen ɗaga shi, domin kafaɗar takan goce ta bar masa ciwo na dindindin, kuma kada a yi masa gashi da ruwa mai zafi sosai ko a kusanto da garwashi ga ɓarin da ba ya ji, saboda zai ƙone bai sani ba.

Amsar tambayarka ita ce e, ka nemi namiji. Akwai matasa da suka kammala kwalejin koyon aikin lafiya ta Kaltungo da makamantanta suna zaune ba aiki, kuma mai kula da ƙaramin asibitin unguwarku zai iya nuna maka wanda ya san halinsa. Ba sai ya wuni ba. Awa biyu da hantsi da awa ɗaya bayan azahar za su sauke mafi nauyin kayan daga kan matarka, wadda ita ma, in ba a yi hattara ba, ciwon baya zai kama ta saboda ɗagawa.

Tsohon shugaban makarantar firamare, Bolari:

Malam, na karanta bayaninka da na Hajiya, kuma ba ni da abin da zan ƙara a kan jinya, domin fanninta ne. Ni dai ina so in ce matsalar da kake ciki ba taka ba ce kai kaɗai, ta garin ce baki ɗaya. Lokacin da aka ciro jihar Gombe daga Bauchi a ranar 1 ga Oktoba, 1996, gari yana nan ne a Bolari da Jekadafari da Herwagana da Kumbiya-Kumbiya da Pantami da 'yan unguwannin da ke kewaye da su, inda kake zaune yanzu kuwa gonaki ne da 'yan gidaje a kan hanyar Bauchi. Zama babban birnin jiha ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa, sannan rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, waɗanda yawancinsu ba su zauna a sansani ba, haya suka kama ko suka sayi fuloti. Garin ya cika ƙaramar hukumar Gombe ya malala cikin Akko da sauran maƙwabtanta. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta 2006 ce, wadda ta ba jihar mutum sama da miliyan 2.3, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙirgawa ba, balle a san gidaje nawa ne a Tumfure suke da wanda ba ya iya tashi da kansa.

A gidan da na tashi, magidanta huɗu ne a cikin zaure ɗaya. Kakanmu ya makance a ƙarshen rayuwarsa, kuma ban taɓa jin an zauna an ce wane ne zai kula da shi ba, domin jika yana ja masa sanda zuwa masallaci, ɗa yana yi masa wanka, matan gida suna karɓa-karɓar abincinsa, abokansa kuma suna taruwa a dakalin ƙofar gida har la'asar sakaliya. Nauyin bai fi na yanzu sauƙi ba, an dai raba shi ne tsakanin mutane da yawa har ba wanda ya ji ya danne shi. Yau an yanka fili hamsin-hamsin, kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe, miji da mata da 'ya'yansu kaɗai, sai aikin mutum goma ya faɗo kan mace ɗaya.

Saboda haka ra'ayina shi ne, idan a ƙauye har yanzu akwai babban gida da 'yan'uwa maza, mayar da shi ba abin kunya ba ne, kuma Kumo ba nisa gare ta ba. Idan kuwa kun tsaya a kan ya zauna a birni, to ka tara 'yan'uwanka ka faɗa musu gaskiya cewa turo kuɗi ta waya ba ya juya marar lafiya a kan gado. Zumunta a ƙafa take. Kowannensu ya ɗauki mako ko kwanakin da zai zo ya kwana da mahaifinsa, wanda kuma aikinsa ba zai bar shi ba, shi ya ɗauki albashin yaron da za a ɗauka. Sannan ka je wurin mai unguwa da limamin masallacinku ka gabatar da halin da ake ciki. Mutane ba su ƙi taimako ba, sai dai a sabuwar unguwa kowa yana tsoron a ce ya yi shisshigi, amma idan liman ya faɗa bayan sallar asuba cewa akwai dattijo a gidan wane da yake buƙatar a riƙa leƙa shi, za ka sha mamakin waɗanda za su zo. Kwamitin masallaci da yake tara kuɗin janareta da na tabarmi ba zai gaza tsara samari biyu da za su riƙa tallabar marar lafiya ranar asibiti ba.

Malamar Islamiyya, Federal Low Cost:

Ina so in ƙara magana ɗaya a kan baiwar Allah da take ɗauke da wannan hidima, domin kowa ya ambace ta amma a gefe. Malamai sun bayyana cewa hidimar iyayen miji ba wajibi ba ce a kan mace, kyautatawa ce da take samun lada a kanta, wajibcin kuwa yana kan 'ya'yan da aka haifa, maza da mata. Yana da kyau Malam ya san haka, ya kuma nuna mata ya sani, domin mace takan jure aiki mai yawa idan an gode mata, amma takan karaya idan dangin miji suka ɗauki abin tamkar haƙƙinsu ne. A ba ta ranar da za ta je gidansu ko unguwa ba tare da fargaba ba. Yarinyar kuma a mayar da ita makaranta tun fashin bai zama al'ada ba, saboda a gidaje da yawa haka karatun 'ya mace yake yankewa, ba da shawarar kowa ba, sai a wayi gari zango ya wuce.

Shi kuma Baba a tuna masa da sauƙin da addini ya yi masa. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya nuna cewa marar lafiya yana salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a kan gefensa, kuma taimama tana isar wa wanda amfani da ruwa ya gagare shi. Tsofaffi da yawa damuwar tsarki ce take hana su ci da sha, ba ciwon ba.

Tela mai keken guragu, Bauchi:

Baba na Bolari, ina gaisuwa, kuma ina neman afuwa domin zan saɓa maka a wuri ɗaya. Shan inna ya kama ni tun ina ƙarama, a kan keke na yi karatu, a kansa nake sana'ata, don haka ina magana ne a matsayin wadda ake ɗagawa ana saukewa. Duk bayanan da aka yi, ban ga inda aka ce a tambayi shi mai jikin ba. Ɗansa ya ce yana cikin hankalinsa. To mutumin da ya aurar da 'ya'ya ya riƙe gida shekara da shekaru, bai kamata a yanke masa wurin zama yana kwance yana ji ba. Wataƙila ƙauyen yake so, wataƙila kuma ya fi son kusa da asibiti, amma nasa ne ya faɗa.

Ƙauyen ma ba kamar yadda aka san shi a da yake ba. Samarin da za su yi ɗagawar su ne suke birni suna acaɓa da leburanci, waɗanda suka rage a babban gida galibi tsofaffi ne da mata da yara. Na san mutanen da aka mayar gida da sunan dangi sun fi yawa, aka shimfiɗa musu tabarma a ɗakin ƙurya, gashin ƙashi ya tsaya, magani ya yanke, gaɓoɓi suka ƙage. Ba mugunta ce ta jawo haka ba, rashin sani ne da nisa da asibiti.

Abin da na koya a rayuwata shi ne yawan taimakon da nake buƙata a yini ba ƙafafuna kaɗai suke yanke shi ba. A shagona, inda ƙasa take a shafe kuma ƙofa take da faɗi, ba na neman kowa daga safe har yamma. A gidan biki mai matakala kuwa sai maza biyu sun ɗauke ni kowa yana kallo. Sabbin unguwanninmu, na Bauchi da na Gombe, ana gina su ne kamar babu mai naƙasa a duniya kuma ba wanda zai tsufa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tasiri. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka a watan Agustan 2020, mun gode Allah, amma hawan jini da ciwon suga da haɗarin babur suna ci gaba da kwantar da mutane kullum.

Akwai doka, kuma ya kamata kowane gida irin na Malam ya san da ita. Dokar haramta nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su samar da hanyar da mai keke ko makaho zai bi, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukumar da ta nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Ta ce a fara sauraron mai naƙasa a layi, a ware masa aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a 2020. Amfaninta gare ka, Malam, shi ne kana da hujjar neman a duba Baba da wuri a asibiti ko a banki. Sai dai kada ka ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba: ba ta tilasta wa mai gidan haya ya rushe matakalarsa, kuma ba ta biyan wanda yake jinya a gida ko sisin kwabo. Wannan giɓin har yanzu iyali ne suke cike shi. Ka kuma bincika ofishin GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jiharku, ka ji ko Baba zai shiga tsarin da aka tanadar wa masu rauni, domin kuɗin magani na wata-wata shi ne yake cinye albashi a hankali.

Idan za ku sayi keke, kada ku karɓi duk wanda aka miƙo. Keke kamar takalmi ne, sai wanda ya dace da mai shi. Wanda ya yi faɗi yakan sa mutum ya karkace, wanda ba shi da matashin zama mai kyau kuma shi kansa yana haifar da gyambon da Hajiya ta yi bayani. Irin waɗanda ake rabawa a taron siyasa yawanci na cikin asibiti ne, ƙananan tayoyinsu na gaba suna nutsewa a yashi. Ku tafi da shi wurin masu gashin ƙashi su auna shi tukuna. Kuma ko da keken bai wuce ƙofar gida ba, ku riƙa fito da shi da yamma ya ga mutane su gan shi, domin kaɗaici yana karya mai shanyewar jiki har ya ƙi motsa jikin da ake so ya motsa.

Mazaunin Tumfure:

Na gode ƙwarai, Allah Ya biya ku. Yaya ta Bauchi, maganarki ta shige ni, kuma na tambaye shi: ya ce zai zauna har ya ga iyakar abin da gashin zai yi, amma yana son a kai shi gida da salla. Saura abu biyu. Albashina ba zai ɗauki cikakken ma'aikaci ba, musamman yadda komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sannan ban san yadda zan tunkari mai gidan a kan matakala da bayan gida ba, kada ya ce in tashi.

Magini, unguwar Malam Inna:

Ranka ya daɗe, ni aikina gini ne, kuma na yi wa gidaje irin wannan gyara, don haka zan ba ka lissafin yadda yake. Ƙa'idar gangaren keke ita ce duk inci ɗaya na tsayi a ba shi ƙafa ɗaya ta tsawo. Matakala ɗaya a gidajenmu takan kai inci shida, ke nan matakala uku inci goma sha takwas ne, gangarensu kuma zai ci ƙafa goma sha takwas. Mutane sukan ga tsawon ya yi yawa su ce a gajarta, sai a samu gangare mai tsini wanda mace ba za ta iya tura babban mutum a kansa ba, saukowa kuma keken yana iya ƙwacewa. Idan tsakar gidan ba ta kai ba, ana kwantar da shi ya bi jikin bango, ko a karya shi biyu a bar fili shafaffe a tsakiya inda za a juya. Kada a shafe samansa sumul, a ja masa layuka tun simintin yana ɗanye, kuma kada a sa masa tayil, saboda santsi da damina.

Ka auna ƙofofi kafin ka sayi keke. Ƙofar ɗaki takan zama ƙafa uku, wannan tana wucewa, amma ta bayan gida galibi ƙafa biyu da rabi ce ko ƙasa da haka, kuma firam yana cin wani abu a ciki. Idan ba ta wucewa, ba sai an fasa bango ba. Kujerar da Hajiya ta faɗa, idan mai walda ya yi ta da ƙarfe, ana iya ɗora ta a kan ramin tsugunon kai tsaye, ta zama wurin zama don wanka ma, sai a kafa bututun ƙarfe a bango ta gefen hannunsa mai lafiya domin ya riƙa kamawa.

Mai gida kuwa abin da yake tsoro shi ne a ɓata masa gini ko a ce a cire kuɗin gyara daga haya ba da saninsa ba. Ka je masa da mai unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka nuna masa ba za a taɓa matakalarsa ba, a gefenta za a yi, kuma ku rubuta a takarda wanda zai biya da abin da zai faru ranar da ka tashi. Idan ya ƙi na siminti, kafinta zai yi na katako mai kauri wanda ake ɗagewa, a shafe shi da baƙin mai saboda gara, ka tafi da abinka duk inda ka koma.

Batun albashi, mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, kuma babu ƙaramin ma'aikacin da zai iya biyan wani kwatankwacin haka daga nasa. Abin da na ga wasu gidaje sun yi a unguwarmu shi ne haɗa kai: gida uku masu marasa lafiya suka ɗauki saurayi ɗaya, yana fara wanka a gida na farko bayan asuba, ya wuce na biyu, ya wuce na uku, ya sake zagayowa bayan azahar, kowane gida yana biyan kasonsa a ƙarshen wata ta hannun mutum ɗaya. Limaminku da mai shagon maganin layinku sun san gidajen da ake jinya, su za ka tambaya. Ku rubuta masa ayyukansa dalla-dalla tun ranar farko, kada a mayar da shi ɗan aike ko mai wankin mota, domin abin da yake korar irin waɗannan yaran ke nan. Kada kuma a ɗauki ƙaramin almajiri don ya fi araha, saboda ba shi da ƙarfin ɗaga babban mutum, kuma idan suka faɗi tare, karayar ƙugu a jikin tsoho tana iya kwantar da shi fiye da ciwon farko. A makon farko ka nemi izini a wurin aiki ka tsaya ka ga yadda yake ɗaga Baba da yadda yake yi masa magana, sannan ka tambayi Baban a keɓe ko ya gamsu da shi.